Ranar da Allurar Mai Ta Faɗi Gaskiya

"...da tsufa, da ciwon gwiwa," in ji ta, tana jan ƙofar motar. "Duk kun kwana lafiya?"

"Lafiya lau, amarya. Sun ce a gaishe ki, suna nan tafe wajenki."

Kakanta ne, tsohon direban da ya ajiye aiki amma ya ƙi ajiye motarsa. Ita kuwa jikarsa ce ta fari, shekara biyu tana neman aiki, sai yau aka kira ta ganawa ƙarfe goma. Tsoho ya rantse ba wanda zai kai ta sai shi.

Motar nan tana da hali. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani bakanike ya haɗa wayoyin allurar mai a juye. In allura ta kwanta a kan ja, tanki cike yake. In ta miƙe, mai ya ƙare. Tsoho bai taɓa gyarawa ba. Ya koyi karanta ta a haka, har alfahari yake yi da abin. Ya leƙa, ya ga allura kwance a kan ja, ransa ya yi fari.

"Akwai mai dai ko, ango?" ta tambaya, idonta a kan takardunta.

"Maƙil. Ashe da kika ari motar jiya kin yi abin kirki."

"Na yi mana. Ba don halinka ba."

"Wa zai ɗauke ki aiki da wannan takalmin? Kamar zalɓe a kan kara."

"Wanda ya ba ka lasin da waɗannan idanun."

"Idona ɗaya lafiyarsa ƙalau. Ɗayan ne yake ganin mutum biyu, ni kuma sai in bi ta tsakaninsu."

Suka wuce gidan mai na farko, tsoho har da ɗaga wa mai sayarwa hannu. Suka wuce na biyu. Ana hangen ƙofar ma'aikatar can ƙarshen titi, motar ta yi tari sau biyu, ta shiɗe. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, shiru.

"Ba dai mai ba," in ji shi. "Ga allura nan kwance."

Ta ɗago kai ta duba. "Kaka, ba ka sha mai da safe ba?"

Da ya ji ta ce Kaka, ba ango ba, ya san magana ta ɓaci.

"Ba ke kika cika ba?"

"Allurar na kai aka gyara maka jiya. Na ɓoye ne don in burge ka."

Tsoho ya zuba wa allurar ido. Kunya ta kama shi, da tausayin yarinyar, don saura minti tara.

"Shekara goma sha ɗaya tana min ƙarya muna zaman lafiya," ya ce a hankali. "Rana ɗaya ta faɗi gaskiya, ni na ƙaryata ta. Ashe ba ita ce a juye ba, kaina ne."

"Ni fa? Mai digiri, ina zaune kusa da ita ban ko kalle ta ba. Na rubuta a takardar nan cewa ina da lura."

"Kada ki goge. A wurina kika gado lurar."

Ba tasi a titin, ba babur. Ta fita, ta taka sau uku, dogon takalmin ya nemi kayar da ita. Tsoho ya sunkuya, gwiwarsa tana ƙara, ya cire nasa ya miƙa mata.

"Saka ki ruga. Ki riƙe na zalɓen a hannu, ki sauya a bakin ƙofa."

"Wannan kwale-kwalen? Ka san safarka a huje take?"

"Tagar babban yatsa ce, yana son iska. Tafi mana."

Ta zura ƙafa, ta tattare zane, ta ruga, takalmin yana faf-faf a bayanta. Tsoho ya tsaya jikin motar da safa, yana duba agogo yana duba titi, bakinsa yana motsi da addu'a. Saura minti biyu ya hango ta a bakin ƙofa. Ta sauya takalmi, ta ɗaga nasa sama ta kaɗa masa, sannan ta shige da su a cikin jaka.

Dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Kin ci, amarya," ya ce shi kaɗai. "Riƙe su, sadakinki ke nan."

Ya ɗauko galan daga bayan mota, ya kama hanyar gidan mai, babban yatsansa a gaba.