Sifaniyanci Da Buhun Takin Gwaggo

Jama'a, shekaranjiya na yi asuba na tafi layin taki, na dawo gida da yaren Sifen. Buhun da na tafi da shi kuwa, yadda na naɗe shi a hammata haka na dawo da abina.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a makaranta can baya nake zama, in malami ya nuna ni sai in ji ƙasa ta ƙi tsagewa. Amma mai shiru ba kurma ba ne, kuma abin da ya sami Gwaggo Ladidi, yayar babanmu, ya fi ƙarfin in haɗiye.

Ga yadda aka yi. Masarar Gwaggo ta kai gwiwa, ganyen ya fara yin ɗorawa, duk wanda ya bi ta gefen gonar sai ya ce mata taki take so, kamar ita ba ta da ido. Ana haka aka yi shela cewa Mai Girma Hadarin Kaka, Allah ya ƙara masa yawan tafiye-tafiye, ya dawo daga wani taro a ƙasar waje, kuma ya zo wa manoma da alheri. Muka cika filin makaranta. Aka ɗora buhunan taki a kan tebur muna kallonsu suna kallonmu. Sai wakilin wakilinsa ya tashi da farar shadda ya ce, Mai Girma ya gano matsalarmu. Ba taki ba ne. Ba hanya ba ce. Jahilcin harsunan duniya ne. Wai a can taron aka gaya masa mutanen duniya sun fi koyon Turanci, da Faransanci, da Sifaniyanci, da Jamusanci, da Sinanci, mu kuma muna nan muna ta Hausa tun safe har yamma, ya za a yi masara ta yi mana kyau?

Saboda haka daga bana, ba yare ba taki.

To kun san manyanmu da adalci. Yadda ake rabon taki haka aka raba yarukan, unguwa-unguwa, aka jefa ƙuri'a cikin hula. Turanci dai ba a saka shi a hular ba, unguwar su Mai Girma ta riga ta ɗauke tun kafin a zo. Mutanen Tudu suka ciro Jamusanci, aka ba su makaniken bakin tasha ya koya masu, tun da ya taɓa kwance injin tsohuwar motar Jamus. Faransanci ya faɗa wa 'yan bayan kasuwa, malaminsu wani ne da ya taɓa zuwa Maraɗi sayen rago. Liman ya ɗaga hannu ya ce ai mu da Larabci muke tun kaka da kakanni, ko za a lissafa? Aka ce masa wannan ba ya cikin shirin bana.

Mu muka ciro Sifaniyanci. Malaminmu Kabiru mai gidan kallon ƙwallo. Shaidarsa kuwa ba ta da gardama, shekara da shekaru yana goyon bayan wata ƙungiyar Sifen, har ya taɓa fasa wa wani baki a kanta.

Aka tara mu mata a ƙarƙashin darbejiya. Kabiru ya zaro waya, ya saka a kunne, ya ji, ya juyo ya ce, “Ku ce ola.”

Muka ce ola.

“Shi ke nan, kun gaisa.”

Gwaggo ta gyara mayafi. “Kai Kabiru, ina sauran?”

“Ai ta ƙare, Gwaggo.”

“Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ya ruwa? Su can ba a damina ne?”

Inna Mairo, maƙwabciyarmu mai ƙosai, ta ce, “Bar su, Ladidi. Mutanen da ke bin tamola da gajeren wando ina suka ga lokacin gaisuwa?”

Wannan duk wasa ne. Masifar tana darasi na biyu, wanda shi za a yi jarrabawa a kansa gaban wakilin wakili. Kowace mace za ta miƙe ta ce “mi iho se yama”, wato sunan ɗana, sai ta faɗi sunan ɗanta na fari. Wai haka ake fara koyon kowane yare a duniya.

Wurin ya yi tsit. Har kajin da ke tono suka tsaya.

Ku da kuka san mu kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Yaya Abubakar, ɗan Gwaggo, yanzu har da furfura a gemunsa, yana tuƙa tanka a Fatakwal, ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Wancan take ce masa. In ya kira waya, ni take miƙa wa ta ce in ji abin da wancan ke so, alhali ta matso da kunne har tana taka mini ƙafa. Duk wani Abubakar na garin nan ma, mai sunan wancan ne a wurinta.

Kabiru ya ce, “Haba iyayena, ai da Sifaniyanci ne. Kunya ba ta tsallaka yare.”

Inna Mairo ta ce, “To sunan shi ma da Sifaniyancin zai fito?”

“A'a, shi yana nan yadda yake.”

“To ka ji.”

Aka kwana biyu ana shawara a bakin rijiya. Can Inna Mairo ta kawo dabara, a yi musaya, ita ta faɗi na Ladidi, Ladidi ta faɗi nata. Aka fara guɗa, sai wata ta tuna masu ɗan farin Mairo ai Abubakar Sadiq ne. Da aka duba, rabin unguwar duk haka suke. Dabara ta mutu a wurin, ko wanka ba a yi mata ba.

Ranar jarrabawa, wato shekaranjiya, muka bi ta gona kafin mu wuce. Gwaggo ta tsinki ganye ɗaya ta murza, ta daɗe tana kallonsa. Masarar nan ita ce tuwon gidanmu har baɗi. Ta yar da ganyen, muka wuce.

A filin makaranta an kafa rumfa, an kawo kujerun haya, da makaɗa, da mai hoto daga Funtua, da motoci cike da masu tafi. Abin da aka kashe a rumfar nan kaɗai da taki aka saya da har kan dutse an yi yabanya, amma wa ya tambaye ni? 'Yan Jamusanci suka fara, suna ta kakari kamar ƙashin kifi ya maƙale masu. Aka tafa. Sai aka kira Ladidi.

Ta miƙe. Ta ce ola. Ta ce, “Mi iho se yama.” Ta tsaya.

Ta waiwayo ni. “Ke Raudatu, ƙarasa masu.”

Kabiru ya ce doka ta hana.

Ta dubi buhunan nan. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, sannan da muryar da ko a gidan mutuwa ban taɓa jin ta yi irinta ba, ta ce, “Abubakar.”

Mata suka sunkuyar da kai gaba ɗaya. Inna Mairo ta saki salati.

Shi kuwa wakilin wakili, ashe waya yake amsawa. Ya sauke ta, ya yi murmushi ya ce, “Madalla, Hajiya. A maimaita, mai hoto bai shirya ba.”

Gwaggo ta sauke mayafin ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, “Alhaji, sau ɗaya na haife shi.” Ta juya. Na bi ta da buhuna a hammata. Bayanmu na ji ana sanarwa cewa duk wadda ba ta shiga hoto ba ba ta ci jarrabawa ba. Wannan shi ake kira tsari, Allah ya ƙara basira.

Kun san labari a garin nan ba ya jiran mota. Kafin la'asar ya isa Fatakwal. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, Yaya Abubakar ne, ban gane ba ko dariya yake ko kuka. Ya ce in saka a kunnenta. Na saka. Ina jin sa yana cewa, “Inna, ashe kin san sunana?”

Ta ture hannuna ta ce, “Ke, ji abin da wancan ke so, ina da aiki.” Ba ta da aikin komai. Ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Jiya da hantsi wani abokin tuƙinsa ya sauke mana buhun taki a ƙofar gida, daga kasuwar Funtua. An riga an zuba. Don haka masu cewa shirin Mai Girma Hadarin Kaka bai yi amfani ba su ji tsoron Allah, ga shi da Sifaniyanci muka samu taki, ko da ba ta hannunsa ya biyo ba.

Na ji an ce baɗi Sinanci za a ba unguwarmu, kuma jarrabawar sunan miji ce. Gwaggo ta ce a fara nemo mata awaki tun yanzu, su dai kashinsu ba a yi masa jarrabawa.