Rasuwar Tafinta, Kwamfutar Zauren Gidanmu

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da jiki wanda ya gaji, ni Abdulmuhaimin Harisu na Daura nake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutata da muke kira Tafinta. Ta cika ranar Litinin da hantsi, bayan shekara tara tana aiki a kusurwar zaurenmu.

Ga wanda bai san ta ba, aikinta ɗaya ne. Darussan Malam Ɗantsoho, malamin unguwarmu, kan rabon gado da zakkar dabbobi, tun da daɗewa aka zuba su cikin wata na'ura mai tsohon tsarin intanet da ake kira Gofa, wanda wayoyin yanzu ba sa ganewa. Marigayiya ce ke tsayawa tsakani, ta karɓo rubutun ta mayar da shi shafin da kowace waya za ta buɗe. Ta haka ɗalibansa na Baure da Kongolam suke karatu ba tare da sun hau mota ba.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman sabon kaya ba. Da safe takan ce "tit" sau ɗaya, sannan fankarta ta kama gurnani har magariba. A watan jiya "tit" ɗin ya koma uku, daga nan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙarasa ta.

Mutuwa dai dole ce, abin da ya karya ni daban ne. Saitin da na yi wata huɗu ina fama kafin ya zauna, lambar ƙofa da adireshi da duk layukan, a bangon zaure na rubuta shi da gawayi, don a ganina bango ba ya ɓata. Ana jibi Sallah gwaggona Nagoggo ta sa aka shafe zauren da farar ƙasa. Da na yi magana, ta ce ita ba za ta tari baƙi da bango kamar na maƙera ba. Tun da marigayiya ta fara ciwo, sati uku ke nan ina gwada sake saitin a wata kwamfutar, kuma wallahi na gaji.

Ta rasu ta bar allon dannawa mai ɓallallen harafi, da linzami, da yayarta, na'urar nan mai riƙe da darussan, wadda ke nan da rai amma babu mai jin yarenta.

Za a kai ta wurin 'yan gwangwan ranar Alhamis bayan la'asar. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada ku biya ta ƙofar Malam. Idonsa ya tafi, kuma har yau bai sani ba. Ko jiya sai da ya zaunar da ni ya yi mini shifta ta shafi biyu, ya ce, "Ka saka musu yau, ɗana. Mutanen Kongolam suna jira."