Ilu da Rajistar Awakin Gari

A Kwanar Tsamiya akwai wani bawan Allah mai suna Ilu, wanda in ka ce ya jira ka a gindin bishiya, ko ruwa ake da ƙanƙara nan za ka tarar da shi. Gidansa daga shi sai matarsa Tabawa, sai akuyarsa Kyalla da yake ji da ita kamar ransa. Allah ya ba shi rubutu mai kyau, shi ya sa aka damƙa masa rajistar awakin gari, kuma shi ke riƙe awaki duk ranar da za a yi musu allura.

Da ciwon awaki ya ɓulla a ƙauyukan makwabta, sai aka aiko cewa malamin dabbobi zai zo da rigakafi, amma kaɗan ne. Akuyar da ba a yi wa bara ba ita kaɗai za ta samu. Rakiya, 'yar wan Ilu mai aikin kwamfuta a birni, ta zo don ta zuba rajistar a na'ura, a tambaye ta ta tsamo waɗanda suka cancanta.

Wata rana Rakiya ta ce, "Baffa, ka bayyana min kowane gurbi na rajistar nan, in san yadda zan yi wa kwamfuta tambaya a kansa." Washegari ya kawo takarda yana taƙama. Ya rubuta cewa gurbin mai akuya faɗinsa yatsa uku, gurbin shekaru kuwa siriri ne, da ɗigon miya a ƙasansa. Rakiya ta dafe kai.

"Abin da ke shiga ciki nake nufi, Baffa. Lamba ce, suna ne, ko eh da a'a?"

"To ai da kin faɗa, 'yata."

Wata rana kuma ta ce kada ya bar gurbi ko ɗaya babu komai. Ilu ya iso kan bunsurun mai unguwa, ga gurbin yawan haihuwa yana kallonsa. Kwana uku yana bin gidaje yana ɗaga haɓar 'yan awaki yana neman kamanni, har ya kusa shan muciya a gidan wata tsohuwa da ta rantse ɗan akuyarta ba jinin wannan mai warin ba ne. Ya rubuta arba'in da bakwai. Da Rakiya ta nemi akuyar da ta fi haihuwa a gari, sai ga bunsuru a kan gaba.

Wata rana, ana gobe malamin dabbobi zai zo, haƙurinta ya ƙare. Ta ce, "Saura gurbin allurar bara. Eh ko a'a ne kawai. Kuma don Allah, Baffa, abin da idonka ya gani shi za ka rubuta."

Ilu ya zaga gari. Kusan kowa ya tambaya sai ya ce ai an yi wa tasa. Da yamma Rakiya ta nemi masu a'a, goma sha biyu suka fito. Ta duba sauran, ta ga layi tamanin da uku ba eh ba a'a, an rubuta "ban gani ba" da kyakkyawan rubutu. Har da Kyalla.

Ranta ya ɓaci sosai. "Baffa, ka ɓata min aiki! Kyalla fa taka ce!"

"Tawa ce. Amma duk wadda aka soka bara ni na riƙe ƙafarta, ban kuwa riƙe ta Kyalla ba. Tabawa ta ce ta kai ta ina masallaci. Ji na yi, ban gani ba."

Tabawa na tankaɗe a tsakar gida, sai ta ajiye rariya. Ta ce, "Ban kai ta ba. An ce allurar na zubar da ciki, ita kuwa tana da ciki, sai na ɓoye ta a bayan rumbu. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Rakiya ta koma kan na'urarta. Sannan ta sa kwamfuta ta tsamo duk masu "ban gani ba", aka bi su gida gida. Ashe rabin gari bayan rumbu suka yi bara. Da eh ɗinsu aka rubuta, da ciwo ya tarar da garkunansu a buɗe.

Da safe Kyalla aka fara kamawa. Ilu ya riƙe ƙafarta, ya zuba ido har allura ta shige ta fito. Ya saki akuya, ya lashi bakin alƙalami, ya soke rubutun jiya.

"Yanzu kam na gani," ya ce, ya rubuta eh a gurbin allurar bana.