Nonna Gelsomina da Tudun Kafet

"A'a, alkali da kansa! An tashi lafiya, ko da barci kake aikin?"

"Lafiya lau, Nonna. Ke fa? Na ga yau duk gaɓoɓin sun iso tare, ba wadda aka manto a gida."

Haka suka fara a safiyar Asabar ɗin nan. Ruwan damina ya shiga ɗakin wasanni na makaranta ya kumbura katakon ƙasa, shi ya sa ƙungiyarmu ta wasan takobi ta kwaso gasar bana ta kawo zauren biki na Italiyawan garin Ingham, inda jan kafet ya rufe ƙasa bango zuwa bango. Renzo, wanda zai yi alkalanci, yana durƙushe yana shata fage da farin salatif, ni kuma ina riƙe masa bakin ma'auni. Kakarsa Gelsomina ce, wadda yake kira Nonna da Italiyanci, ta shigo da jakar takobi a kafaɗa. Ta haura saba'in, kuma da Beryl Hocking za ta kara a zagayen tsofaffi.

Ta tsaya a kansa ta leƙa. "Wannan layi ne ko sawun maciji a gonar rake?"

"Idonki ne ya karkace. Sa tabarau."

"Na sa tabarau ranar da aka haife ka, na ga abin da na gani, ban sake marmari ba. Kuma wane irin salatif ne wannan, sai ka ce na ɗaure tsaraba? Ina mai ƙarfin?"

"Mai ƙarfin yana barin danƙo a kafet. Gobe akwai biki a zauren nan. So kike amarya ta manne a tsakiyar fili?"

"Kai ya kamata ka saya. Wataƙila ka samu wadda za ta manne maka. Shekara talatin, ko kyanwa ba ta bin ka gida."

"Ke kika kore su da miyar tafarnuwa. Ɗago ƙafa in ga takalmin."

"Takalmina ya girme ka."

"Na ga alama. Kafet ba katako ba ne, Nonna. Kama ƙafa yake yi. Ki kai sara, takalmi ya tsaya, gwiwa ta wuce. Ni ba zan goya ki zuwa asibiti ba, bayana na saurayi ne."

Ta ɗaga masa ƙafar har kusa da hancinsa. Ya duba, ya ce ta wuce.

A ƙarshen fagen, ta wajen taga, kafet ɗin ya ɗan tattare ya yi tudu, daidai inda mai ja da baya zai taka. Renzo ya rarrafa can zai miƙar da shi. Sai ga kan takobin Gelsomina a kan hannunsa.

"Bar shi."

"In bar me?"

"Tudun nan ado ne. Tun bikin uwarka yake nan, bai taɓa cin kowa ba."

"A bikin mama ba wanda ya yi gudu da baya da raga a fuska. Nonna, wa kike so ya faɗi?"

"Ni? Ni da ba na fashin coci?" Ta dubi rufi. "Na dai san Beryl ba ta da aiki sai ja da baya. Bara ma da gudu ta cinye ni. In ƙasa ta ga dama ta rama mini, ina ruwana?"

"Matar da aka sa wa ƙarfe a ƙugu!"

"Bakinta ya kamata a sa wa. Ta tsaya a shagon burodi ta ce wai rina gashi nake yi."

"To ba kya yi?"

"Ina yi. Nata ne ta faɗa?"

Ni dai dariya ta sa na saki ma'aunin, ya koma da gudu ya bugi Renzo a yatsa. Kakar ta ce alhakinta ne ya fara aiki.

Na san ba da gaske take son Beryl ta karye ba, ita ta yi mata jinya sa'ad da aka yi aikin ƙugun. Amma na san taurin kanta: in ta ce a bar tudu, sai ta zauna a kai har a fara wasa.

Renzo ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. "Shi ke nan, na bar shi."

Ta ƙanƙance ido. "Haka kawai?"

"Haka kawai. Amma tuna mini, da wane hannu kike riƙe takobi?"

"Hagu mana. Yau ka fara sanina?"

"Kuma doka ta ce in bahago ya haɗu da mai dama, ina yake tsayawa?"

"A hagun alkali. Ni na koya maka, ɗan nema."

"Madalla." Ya tsallake fagen ya koma ɗaya gefen, ya miƙa hannun hagu. Yatsansa ya nuna taga, ya nuna tudu. "To yau daga nan zan yi alkalanci."

Gelsomina ta dubi tudun, ta dubi jikanta.

"Ni ba na ja da baya."

"Bara har kujerun 'yan kallo kika kai."

"Kakarka ce fa ni!"

"Sabo da kaza ba ya hana yanka. An ce in za ka gina ramin mugunta..."

"Rufe min baki! Da haƙoran madara za ka yi min karin magana?" Ta jefar da jaka, ta durƙusa da ƙyar, ta kama bakin kafet ɗin da hannu biyu. "Ja can, malalaci! Wane sakarai ne ya bar wannan a fage? So kuke ku kashe Beryl?"

Suka ja tare har ya kwanta sumul, Renzo ya bi shi da salatif ninki biyu. Ta taka wurin, ta sake takawa, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta buɗe jaka ta ciro gwangwanin crostoli, cincin ɗin Italiyawa, da ta soya da asuba, sukari na zuba, ta cusa masa a hannu.

"Ungo, ka ci nasara."

"Cin hanci ne, Nonna?"

"Wane cin hanci? Ci biyu ka kai wa Beryl sauran. Ka tsaya a kanta sai ta cinye, in ga yadda za ta yi gudu da cikakken ciki."