Ragon da Na Kai Ƙara a Kansa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban alƙali a Gusau ina neman haƙƙina a kan rago ba, domin daga ranar na daina kiran kaina masanin shari'a.

Ni ma'aikacin ofis ne, kuma ina da wata cuta: idan na saurari shirin shari'a a rediyo sau biyu, sai in ji kamar ni na rubuta dokar. Abokan aikina har Barista suke ce mini (ban gane tsokana ba ce sai daga baya). To, wata shekara na sayi ɗan rago na kai wa Malam Garba, wani dattijo manomi a Kucheri, ya kiwata mini shi har zuwa babbar Sallah. Sharaɗinmu irin na kowa ne: idan ya girma a yi masa kuɗi, a fitar da uwar kuɗina, mu raba ribar. Niyyata in biya shi rabonsa in yi layya da ragon. Duk unguwarmu na bi na shaida musu cewa bana za su ga layya.

Saura wata biyu Sallah na buga wa Malam Garba waya in ji lafiyar rago. Wayar ƙauye, kun san halinta. Abin da na iya ji kawai shi ne rago ya tafi tuni, sai layin ya yanke. Raina ya ɓaci sosai. Mai hankali da ya hau mota a tasha ya je ya tambaya, ko awa guda ba za a yi a hanya ba. Ni kuwa sai na tuna na ji a rediyo an buɗe kotun ƙananan ƙararraki, wadda mutum ke shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba. Wallahi har daɗi na ji, kamar an buɗe ta don ni.

Magatakardar kotu ya ce sai na fara aika wa mutumin takardar neman haƙƙina. Na zauna na rangaɗa ta da Turanci, shafi uku, na ba direba ya kai wa mutumin da ajami kaɗai yake karantawa. Da shiru ta yi yawa na cike fom, aka kai masa sammaci. Matata Hadiza ta tambaye ni ina nake ta zirga-zirga, na ce mata maganar shari'a ce, ba za ta gane ba.

Ranar zama na sa babbar riga, na ɗauki jaka cike da takardu, na kuma gayyaci abokan aikina biyu su zo su ga yadda ake yi. Malam Garba yana zaune a benci da sandarsa, yana ganina ya miƙe ya gaishe ni, har yana tambayar lafiyar jaririyata. Na amsa a daƙile, don na ji an ce ba a sakin fuska ga wanda ake ƙara.

Na yi bayani na kusan minti ashirin. Na ambaci amana, na ambaci cin amana, na jefa kalmomin Turanci guda huɗu waɗanda ni kaina biyu kawai na san ma'anarsu. Alƙali ya saurara da haƙuri, sannan ya juya ya tambayi Malam Garba ina rago.

"Ranka shi daɗe, ai shi yac ci abinai," in ji shi cikin ladabi. "Innatai ta aiko ran jajibirin sunan ɗiyatai, munka ɗora shi mota zuwa Tsafe."

Nan take na ji babbar rigar ta yi mini nauyi. Wata uku kafin nan an yi sunan 'yata a gidanmu na Tsafe. Haihuwar ta zo a tsakiyar wata, aljihuna babu komai, na yi ta ƙorafi, sai aka aiko mini cewa kada in damu, an samu rago. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama ta yi mini bayanin komai, don kunya. Ta dai ga ɗanta yana da rago a Kucheri kuma yana kukan rashin rago, sai ta aika aka kawo. Ni kuma na makara a ranar, na tarar an riga an feɗe shi. Na ɗauka Kawu Sani ne ya saya, na je har gida na durƙusa na yi masa godiya, shi kuma ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Alƙali ya tambaye ni ko na ci naman. Na ce na ci. Ya tambaya ko ya yi daɗi. Na ji abokan aikina a baya suna fama da tari.

Alƙali bai tsaya nan ba, ya tambayi Malam Garba ko an ba shi rabonsa na riba. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa jaririya, gudummawarsa ke nan. Takardata mai shafi uku kuwa, ya ce ya ɗauka ta godiya ce, ya adana ta a cikin akwati. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka kori ƙarar, aka ce in biya shi kuɗin mota. Na biya, na ƙara da rabonsa ina ba shi haƙuri, yana ƙi ina roƙo. Layyar wannan shekarar kuwa kallon ta maƙwabta na yi.

Labari ya riga ni isa Tsafe. Da na je gaishe da Inna ba ta ko dube ni ba, sai ta juya wajen Hadiza ta ce, "Ki tambayi wancan, in akwai sauran sammaci, ni ma ina gida."

Tun daga nan, kafin in kai kowa ƙara a kan wani abu, nakan fara tambaya a gida ko na riga na cinye shi.