Nomau da Faifan Asibiti

Mu huɗu ne a gidan nan: ni, da ɗana Nomau mai shekara arba'in, da matarsa Tasalla, sai ɗan yayensu. Gari yana ce wa Nomau wawa. Ni na haife shi, kuma na ce ƙarya ne. Na tarbiyyantar da shi a kan abin da babba ya ce, shi za a yi, ba ragi ba ƙari. Shi ke kula da kwamfutar ƙaramin asibitinmu, wadda sunan kowane jariri da allurarsa ke ciki. An ce min a cikinta akwai wasu kwamfutoci uku marasa jiki. Ban yi boko ba, ban kuma tambaya ba. Aikinsa ya kwafe su a wani baƙin faifai, don in sun lalace a dawo da su.

Wata rana shugaban asibitin, Malam Sadisu, ya ce masa, "Kullum ka kwafe komai." Nomau ya kwafe komai. Washegari ya kwafe komai har da kwafin jiya, jibi har da kwafin kwafin. Kwana tara na'ura ta cika ta tsaya cik. Malam ya ce, "Kai wane irin mutum ne?" Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kwafi ba ya cikin komai?"

Wata rana ɗaya daga marasa jikin nan ta rikice. Malam ya ce, "Mayar da ita yadda take a da." Bai ce wane da ba. Nomau ya duba jerin ranaku, ya zaɓi mafi tsufa. Da safe Tasalla ta kai yaronta allura, yaro yana tafiya da ƙafarsa, ma'aikaciya ta duba allo ta ce, "An rubuta cikinki wata bakwai." Tasalla ta ce, "To wannan da ke jan zanena fa, aljani ne?" Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai azahar aka gyara.

Wata rana, ranar awo, Malam ya gaji. A gaban mata ya ce, "Kwashe duk abin da ke da sunanka ka fita. Kada ƙafarka ta sake taka asibitin nan har abada!" Nomau ya ɗauki butarsa da tabarmarsa. Ya ga faifan, an manna masa takarda an rubuta Nomau, ya zare shi ya sa a aljihu. Da la'asar hadari ya taso, tsawa ta faɗa kan asibiti, ta ƙone na'urar da duk abin da ke jone da ita. Sunan yara dubu huɗu, babu.

Kwana biyu sai ga Malam a zaurena, hula a hannu.

"Iya, an ce faifan yana wurinsa. Ya zo ya dawo mana da sunayen, mun aro wata na'ura."

Nomau ya ce, "Inna, ya ce kada ƙafata ta taka."

Na ce, "Ka ji. Ba zai taka ba."

A baro suka turo na'urar da janareta har zaure, Nomau ya jona faifan. Ina zaune ina tsinkar zogale, marasa jikin nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, sunaye suka dawo cif.

Malam ya share gumi ya ce, "To, gobe ka dawo aiki."

Nomau ya ce, "Har abada bai cika ba, ranka ya daɗe."

Na ce, "Sadisu, a gaban mata ka kore shi, a gabansu za ka janye. Ranar awo, da murya irin ta wancan karon."

Ranar awo na yafa mayafina na je, na zauna a bencin gaba. Da Malam ya faɗa na ce ban ji ba, kunnena ya tsufa. Sai da ya maimaita.