Ranar da na gasa molon Kiyari

Akwai abu ɗaya da har gobe ba zan taɓa mantawa ba, kuma da ana goge rana da na goge ta: ranar bikin ƙanena a Gure, cikin damina.

Abokina Kiyari masassaƙi ne. Yana da wani molo da mahaifinsa ya sassaƙa, shi kuma ya sake masa fata da hannunsa, yana nuna wa masu son ya yi musu irinsa. Na nace sai da ya ara mini, don in burge surukai (waƙa biyu kacal na iya, ita ma ta biyun rabi).

An yi ruwa da safe, fatar ta saki, molo ya ƙi amo. Na sha ganin makaɗa suna kara fata kusa da wuta don ta ɗame. Su daga nesa suke yi. Ni kuwa na kifa shi a kan murhun shayi, na tafi gaisuwa.

Ina tsakiyar gaisawa sai kawun amarya, mutumin Gidigir, ya ɗaga hanci ya ce mini, "Alhaji, kan ragon ne aka fara babbakawa tun yanzu?"

Kafin in isa, fata ta fashe, tsirkiya uku sun tsinke. Aka yi ta dariya har mata suna leƙowa. A nan na yi abin da ya fi ƙunar muni. Na ce, "Ai fatar ce ba ta jemu ba."

Kiyari yana wurin. Ya ɗauki molonsa ya tafi. Maganata ta zaga kasuwa, masu kawo masa aiki suka ja baya.

Sai da damina ta sake zagayowa na iya zuwa rumfarsa ranar kasuwa, na faɗi gaskiya a gaban jama'a. Ya dube ni ya ce, "Ai na sani, mai shayi. Zauna ka riƙe mini nan." Ranar muka ɗaura sabuwar fata tare. Aiki ya dawo masa sannu a hankali.

Yau mun tsufa. Molon na nan da baƙin tabo a gefe, yana amo, amma Kiyari ba ya barina in zauna tsakanin molon da murhu. Don Allah, idan kuka ƙona kayan mutum, ku tsaya a nan, kada ku haɗa da sunansa.